911 tana mutuwa a kan hawa: yunwar gas ce ko famfon injekta?

Alhaji, ka ce tifarka Mercedes 911 tana tashi lafiya da safe, amma in ta ɗauki yashi ta kama hawa sai totur ya daina amsawa, ta yi ta shessheƙa har ta mutu, in ta huta minti goma kuma ta tashi. Bakanike ya ce a kwance famfo. Mu dai shawararmu kada a taɓa famfon tukuna. Injin OM352 ne, silinda 6, lita 5.7, kuma ciwo biyu ne ke kama da juna a jikinsa.

Na farko yunwar gas, wato man ba ya isa famfo yadda ya kamata, ko yana zuwa gauraye da iska. Na biyu lalacewar nozul, wato bakin injekta mai fesa mai cikin silinda, ko famfon kansa. Abin da ya raba su shi ne lokaci. Yunwa tana zuwa tana tafiya: a silo injin lafiya lau, don ɗan mai kaɗan yake sha, sai an taka sosai ƙarfi ya riƙa zubewa a hankali. Nozul da ya lalace kuwa ba ya hutu. Da lodi ko babu, safe ko yamma, injin yana karkarwa yana ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma a ciki.

Sai salansa. Motar da ke jin yunwa ba ta yin baƙin hayaƙi, hasali ma hayaƙin raguwa yake yi yayin da take mutuwa, wani lokaci da ɗan fari-fari. Nozul mai ɗiga yana ba da baƙin hayaƙi in an taka, ko fari mai yaji a ido da sanyin safiya. Amma kafin ka zargi nozul saboda baƙin hayaƙi, buɗe tukunyar tace iska. Lokacin hunturu man cikinta kan koma taɓo, injin ya kasa numfashi.

Abin da ka bayyana ya fi kama da yunwa, musamman wannan tashin bayan hutu. Sau da yawa tsumma ne ko leda ke yawo cikin tanki, bututu ya zuƙo ta ta toshe bakinsa. Injin na mutuwa ta saki ta koma yawonta. Ko kuma hujin numfashin murfin tanki ya toshe. Da ta mutu, ka buɗe murfin nan take: in ka ji ya ja iska fuuu, ka kama ɓarawon. Duba kuma ƴar kwalbar nan da ke ƙarƙashin ƙaramin famfo mai jawo mai, inda ake bugawa da hannu. Rariyar cikinta tana cika da laka da ruwa, balle ga mai shan gas ɗin jarka a bakin hanya. A wanke ta, a canza filta duka biyun, a sa sababbin washa na jan ƙarfe a mahaɗan bututu. Washa da aka sake ɗaurawa tana iya shan iska ba tare da ta ɗigar da ko digo ɗaya ba, shi ya sa ido ba ya ganinta.

Gwajin da ke yanke gardama ba ya cin kuɗi. Zuba gas mai tsabta lita 5 a jarka, ka ja tiyo mai garai-garai daga jarkar kai tsaye zuwa bakin ƙaramin famfon, tiyon da ke mayar da mai shi ma ya koma jarkar. Sassauta kusoshin fitar da iska na kan filta da na famfo, ka buga da hannu har kumfa ta ƙare, ka ɗaure. Sai a koma hawan nan da lodi. In ta haye, matsalar tana tsakanin tanki da ƙaramin famfo.

In ba ta haye ba, sai a juya ɗaya ɓangaren. Injin yana silo, a sassauta notin bututun injekta ɗaya bayan ɗaya. Silinda mai lafiya, sautin injin zai faɗi. Wadda ba a ji canji ba, nozul ɗinta ko bawul ɗinta ne abin dubawa. Kada a kai hannu kusa da feshin, yana huda fata. Nozul ɗin wannan injin yana buɗewa ne in matsin mai ya kai wajen bar 200 (ma'aunin matsi), kuma a kan na'urar gwaji kaɗai ake tabbatar da haka. Tunda nozul ɗin suna ƙarƙashin murfin bawul ne, a ja sandar baƙin mai: in ya ƙaru yana warin gas, akwai yoyo a ciki. Murfin na buɗe, a gyara tazarar bawul injin yana sanyi, milimita 0.20 na shan iska, milimita 0.30 na hayaƙi.

Famfo yana zuwa ne a ƙarshe, kuma nasa alamun daban ne: wahalar tashi in injin ya yi zafi alhali babu kumfa a layi, ko silo mai hawa da sauka ya mutu da zarar an ɗaga ƙafa. In ta kai ga kwance shi, a tsayar da injin a kan alamar taimin kafin a cire, domin famfo mai lafiya ma in aka mayar da shi a karkace, motar za ta dawo da hayaƙin da ba ta tafi da shi ba.