Seachem Reef Dip: Maganin Saɓulewar Naman Murjani

Idan naman murjani (wata halittar teku da ake kiwo a tankin ruwan gishiri) ya fara saɓulewa daga gindi har farin ƙashi ya fito, Reef Dip, wanda maganin aidin ne na kamfanin Seachem, yana iya taimakawa. A yanke lafiyayyen reshe santimita 1 sama da inda ya mutu. A ɗebi ruwan tanki lita 4 a roba, a zuba maganin mililita 5 zuwa 10, a jiƙa reshen minti 15 zuwa 30, a ɗauraye. Kada a kuskura a zuba maganin cikin tankin.

Sai dai a Kano zafin Afrilu ne babban makashi: wuta ta ɗauke, ruwa ya haura digiri 30, naman Acropora (wani nau'in murjani mai rassa) ya zube cikin kwana ɗaya. Wannan ya fi ƙarfin magani, sai na'urar sanyaya ruwa da inbata, a riƙe digiri 25 zuwa 26.