Ba kai aka tambaya ba

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Zazzau. Shekara biyu ke nan ina Ingila ina aikin kula da masu buƙata ta musamman, kuma duk wanda ya kira ni daga gida tambayarsa ba ta wuce sanyi da canjin fam. Sanyi dai yana nan, na fam kuma kun fi ni sani. Abin da ya hana ni barci tun makon jiya wani ne daban.

Cikin waɗanda nake kula da su akwai wani saurayi Bature, ɗan shekara 26, da aka haifa da larurar Down, wadda ke samuwa idan ƙwayar gado ta 21 ta zo uku maimakon biyu. Yana da jinkirin fahimta, harshensa kuma da nauyi, sai ka kasa kunne sosai. Duk Laraba da yamma nake raka shi zauren wasanni na unguwarsu ya buga ƙwallo. Rannan bayan atisaye aka ce a zauna, manajan wurin yana so ya mayar da lokacinsu ƙarfe biyu na rana. Ya juyo ya tambayi saurayin nan ko hakan ya yi masa. Yana ta kokawar haɗa magana, ni kuwa na yi caraf na ce ya yi, babu damuwa. A zuciyata taimakonsa na yi.

Sai ya dafa tebur, ya dube ni, ya ce: “Ba kai aka tambaya ba. Ni ke buga ƙwallon.”

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ba ni haƙuri. Manajan ko kallona bai yi ba, ya zuba wa saurayin ido yana jira. An kusa minti guda shiru kafin ya zaro takarda daga aljihu, mai manyan haruffa da hotuna, wadda shi da abokansa suka shirya. Ashe su 'yan wasan suna da kwamitinsu, shi ne ma suka wakilta.

Ya ce ƙarfe biyu bai yi ba, don a lokacin yana aikin jera kaya a wani kanti, kuma sun lura kullum su ake tura wa lokacin da kowa ya ƙi. Ya ce an rage bas ɗin dare, wanda ya rasa ta ƙarfe takwas sai ya ɗauki tasi da kuɗin abincinsa. Daga nan ya zo kan wadda ta shafe ni kai tsaye: ana janye su daga wasa tun ba a tashi ba saboda lokacin aikin masu raka su ya ƙare. Sau nawa na tsaya bakin fili ina nuna masa agogo? Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta ɗaga hannu ta ce a daina ce musu yara, a kuma daina rataya wa kowa lambar yabo ko an ci ko ba a ci ba. Suna son alkalin wasa na gaske da teburin maki na gaske, idan an lallasa su a rubuta an lallasa su. Manajan ya rubuta duka. Bai amince da komai ba, ya ce kuɗin wuta da na ɗumama zaure sun yi musu yawa, amma an bar musu yammarsu ta Laraba.

A bas muna komawa gida ba saurayin nake gani ba, autanmu nake gani. Mutanen Tudun Wada da suka san gidanmu sun san shi. Shi ma haka Allah ya halicce shi, kuma tun yana ƙarami ba shi da abin so kamar ƙwallo. Kullum bayan la'asar yana filin makarantar unguwarmu, shi ne farkon zuwa, shi ke jera duwatsun raga. Shekara fiye da goma aikinsa ɗauko ƙwallo idan ta faɗa kwata ko ta haura katanga. Ban taɓa ganin an sa shi a wasa ba, ni ma da nake cikin masu raba 'yan wasa ban taɓa sa shi ba. Idan baƙo ya tambaye shi sunansa, mu ke amsawa. Idan an kai shi asibiti, da Hajiya likita ke magana, shi yana zaune kamar buhun masara. Ban tuna ranar da wani a gidanmu ya ce masa “me kake so?” ya kuma tsaya ya jira amsa ba.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Takarda kaɗai ta isa ta kashe maka jiki: kafin a bar ni in tsaya bakin fili in miƙa ruwa sai da aka yi makonni ana binciken ko na taɓa aikata laifi. Akwai ƙungiyar ninƙaya da saurayin nan ya yi wata da watanni yana layin jiran gurbi. Komai da kuɗi, komai da alƙawari, ba ka isa ka ga fili ka shiga haka kawai ba. Ga kaɗaici. Idan ba mu ma'aikata ba, sai ya yini bai ga wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, maƙwabcinsa na bango ɗaya ko sunansa bai sani ba. Autanmu kuwa daga gida zuwa masallaci sai ya gaisa da mutum talatin, mai shayi ya san yadda yake son nasa, mai ƙosai ta san ba ya son yaji. Idan ya yi dare, wani ɗan acaɓa zai dawo da shi kyauta. Wannan ko da fam miliyan ba a sayensa a nan, kuma duk ranar da na tuna sai kewar gida ta kama ni.

Amma abin da suka tanada sun tanada. Duk mai irin wannan larura da ya kai shekara 14 yana da damar a duba lafiyarsa sau ɗaya a shekara kyauta. Wasiƙar asibiti ma akwai wadda ake rubutawa da gajerun jimloli da hotuna don ya karanta da kansa. A kanti na ga takalmin ƙwallo mai mannewa, ba sai an ɗaure igiya ba, abin da ke ba autanmu wahala har yau. Na daɗe tsaye riƙe da shi.

Mu kuwa bakinmu ne ya fi cutar da su. Dolo, gaula, sakarai, taɓaɓɓe, wani ma a ce ɗan ruwa ne. Yara su bi shi da waƙa, manya na zaune a majalisa suna murmushi. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Muna ba shi sadaka da hannun dama, muna hana shi shiga fili da na hagu, sannan mu ce tausayinsa muke ji kada a ji masa ciwo.

Tun 1968 aka fara gasar Special Olympics, ta wasannin masu jinkirin fahimta, a Chicago ta Amurka, wadda Eunice Kennedy Shriver ta assasa, ita ma 'yar'uwarta mai jinkirin fahimta ce. 'Yan Najeriya sun je ta Abu Dhabi a 2019, sun je ta Berlin a 2023. Suna da wani tsari da ya burge ni, inda ake haɗa masu larura da marasa ita a ƙungiya ɗaya, riga ɗaya. Wannan me zai ci a Zariya? Fili muna da shi daga Samaru har Ƙofar Gayan, samari masu ƙwallo sun fi a ƙirga. Jami'ar Ahmadu Bello tana horar da malaman motsa jiki, asibitin koyarwa yana Shika. Duba lafiyar ma wajibi ne, don kusan rabin masu larurar Down ana haifarsu da matsalar zuciya, wasu kuma ƙashin wuyansu yana da rauni, sai likita ya gani kafin a bar su su riƙa sa wa ƙwallo kai. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ma tana nan, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ku masu ƙungiyoyin unguwa, ku da kuke tara kuɗin riguna da kofin Sallah, ko minti goma ba za ku iya ba shi ba?

Ranar Juma'a na kira gida. Hajiya ta ɗauka, muka gaisa, na ce a ba ni Auta. Ta ce in faɗa mata saƙon za ta gaya masa. Na ce a'a Hajiya, don Allah shi nake so. Da ya karɓa na tambaye shi, idan aka sa shi a wasa, ina yake son ya tsaya. Ya yi shiru. Ina jin ƙanwarmu a gefe tana shirin amsa masa, na ce ta bari. Can ya ce: “Yaya, gola.” Ya ƙara da cewa shi ya san inda kowa ke bugawa, ya daɗe yana kallonsu daga bayan raga.

Na sayi safar hannun gola da takalmin nan mai mannewa, akwai mai tahowa Kaduna ƙarshen wata. Na kuma yi wa kocin unguwarmu magana, ya ce sai ya tuntuɓi yaransa tukuna. Na ce ya haɗa da Auta cikin waɗanda zai tuntuɓa. Laraba mai zuwa kuma na nemi a ƙara mini awa ɗaya a wurin aiki, don saurayin nan ya tsaya har a busa tashi.