Kashe bulu tik a WhatsApp, wata huɗu da gwadawa

Maigidana a Fatakwal yake aiki, ni ina Kano da yara, to kun san rabin zaman auren namu a waya yake. Ni kuma irin matan nan ce da in na tura saƙo na ga tik biyun nan sun yi shuɗi ba amsa, shikenan zuciya ta fara saƙe-saƙe, ko laifi na yi, ko da wata yake hira, ga shi ina ganinsa onlayin ƙarfe 11 na dare. Sai in jera masa saƙo goma, shi kuma in an matsa masa sai ya ƙara ja baya ya yi gum. Wallahi na sha kuka a kan wannan.

Ƙanwata da ta karanta saikoloji ce ta zaunar da ni, ta ce Yaya wannan fa sanannen abu ne, masana halayyar ɗan Adam John Bowlby da Mary Ainsworth sun yi bincike kan shaƙuwar yaro da mahaifiyarsa, a 1987 kuma Hazan da Shaver suka nuna manya ma haka suke a soyayya, akwai mai natsuwa, akwai mai fargabar a guje shi, akwai mai gudun a matse shi. Ta ce ke ce ta biyu, Baban Ummi na uku, wayar tana ƙara hura wutar ne kawai.

Sai muka yi shawara da shi muka shiga setin, ɓangaren sirri, muka kashe bulu tik da las sin (mai nuna lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe), muka ɓoye onlayin ɗin ma (wannan a 2022 suka kawo shi, bulu tik kuwa tun 2014). Kyauta ne, ko minti biyu bai ɗauka ba. Ku dai sani in kin kashe naki ke ma ba za ki ga na kowa ba, kuma a guruf ba ya aiki, can ana ganin wanda ya karanta.

Satin farko na wahala gaskiya, hannuna sai ya kai kan sunansa in ga babu abin dubawa. Amma mun sa lokaci, bayan isha'i ya kira bidiyo ko da minti goma ne, in aiki ya riƙe shi ya turo saƙon murya. Ni dai na ba setin nan taurari huɗu cikin biyar, saura ɗayan na wancan alƙawarin kiran ne, don ba don shi ba ban jin setin kaɗai zai ishe ni. Yanzu ina yin barci kafin 11.