Gargaɗi ga masu sayen kifin ado a Kumasi: ku kula da mai "cikakken saiti"

Assalamu alaikum jama'ar Zongo. Abin nan ya same ni wata biyu da suka wuce, na yi shiru. Jiya sai na ji wata 'yar'uwa a Asawase ita ma ta faɗa hannun mutumin, shi ya sa na ga shirun ya isa. Ba zan kama sunansa ba, don yana sauya suna da lamba kamar riga, amma salonsa bai sauya ba.

A TikTok da WhatsApp yake talla. Bidiyon tankin gilashi ne, ruwa garau, kifaye kala-kala suna ta yawo. Ya ce tanki mai lita 40 da kifi 15, "duk masu zaman lafiya da juna". Rabin kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ragowar idan mai pragya (keke mai ƙafa uku) ya kawo. Na biya sidi 600 saboda ɗiyata, wadda ta daɗe tana roƙona. Da na tambaye shi ko kifayen za su jitu, cewa ya yi: "Alhaji, kada ka damu, tare suka tashi."

A leda ɗaya suka iso Aboabo, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ko biyu ba. Nan damfarar take. Jarirai yake sayarwa, kuma a jarirai kowa salihi ne. Sai daga baya wani ƙanina mai kiwon kifi ya zo ya faɗa mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai.

Akwai oscar biyu. Wannan kifi yana kai santimita 30, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Akwai betta maza biyu, waɗanda ko a ƙasarsu ta asali, Tailan, da faɗa aka san su, ba a haɗa maza biyu wuri ɗaya. Kwana uku ɗaya ya yayyaga ɗan'uwansa. Tiger barb biyu kuma suka bi wanda ya rage suna gutsurar jelarsa. Su ma ba a ajiye su ƙasa da shida, in sun yi kaɗan sai su huce a kan maƙwabta. Goldfish uku sun fi son ruwa mai sanyi-sanyi, kashinsu kuma ya fi ƙarfin ƙaramin tanki. Pleco ɗin da ya ce "mai share gilashi ne" yana wuce santimita 30 idan ya girma. Neon tetra huɗu kuwa, waɗanda ɗiyata ta fi so, ɗaya bayan ɗaya suka ɓace ba gawa. Wani baƙi mai gashin baki da ya kira da sunan Turanci mai daɗi shi ke haɗiye su cikin dare. Jama'a, tarwada ce. Tarwadar da muke ci da banku, ita aka sayar mini a matsayin kifin ado.

Bai kuma gaya mini ruwan famfo yana da kilorin mai ƙona gaɓoɓin numfashin kifi ba. Bai ce sabon tanki yana buƙatar mako huɗu zuwa shida da na'urar tace ruwa tana aiki kafin ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi su kafu ba. Rana ɗaya na zuba su duka.

Da suka fara mutuwa na kira shi. Ya ce ruwan unguwarmu ne ba kyau, ya sayar mini da wata kwalba mai shuɗin ruwa, ba tambari ba rubutu, sidi 80, ya ce in ƙaro kifi a rangwame. Wannan shi ne ciniki na biyu, kuma da shi yake cin riba: kifi ya mutu, ka koma. Da na nemi kuɗina sai ya toshe lambata. Kuɗin bai dame ni kamar kukan yarinyar nan ba, da kuma dabbobin da suka wahala a hannuna, waɗanda Allah zai tambaye ni hakkinsu.

In kana da tanki mai lita 40 zuwa 60, guppy ko platy kaɗan sun ishe ka. Ko neon tetra shida zuwa takwas, in tankin ya kai 60 ka ƙara ƙananan corydoras a ƙasa. Ka je shago da ƙafarka, ka ga kifin yana iyo yana cin abinci, ka duba jikinsa ko da fararen ɗigo kamar gishiri, alamar cuta. Ka sa a rubuta maka sunan kowanne, ka bincika girmansa a waya kafin ka fitar da ko pesewa. Mai sayarwa da ya ƙi faɗin suna, ka tafi ka bar shi.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana saƙon MoMo da hirar WhatsApp, ya kira 292, lambar hukumar tsaron intanet ta Ghana. Ni na kira, na kuma ba 'yar'uwarmu ta Asawase shawarar ta yi haka. Tarwadar tana cikin randar ƙanina yanzu, oscar ɗin kuma ya samo musu wani mai babban tanki a Tafo.