Na bi furofayil ɗinsu sau da ƙafa, fuskar Inna ta fito kamar an shafa mata toka

Hotuna goma sha biyu na aika wa masu wankin hoton nan, amma ɗaya ne a raina, kuma shi ne a sama da na farke ambulan. Inna ce zaune a bakin taga, jikarta kwance a cinyarta, hasken yamma ya sauko mata ta hagu. Kwana uku na yi ina gyaran hoton nan. A allon kwamfutata kana iya ƙirga layukan da ke gefen idonta, fatarta na sheƙi, rigar da ta sa kuma jajir. Abin da na riƙe a hannu kuwa fuska ce kamar an shafa mata toka. Bangon bayanta ya koma kore-kore irin na ruwan da ya daɗe a kwance, ɓangaren fuskar da ke inuwa ya dunƙule ya zama baƙi ƙirin, babu kunci babu kunne. Sai da na juya takardar na duba ko hoton wani aka haɗo min.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba da ka na yi aikin ba. Da daga waya na tura shi haka nan, sai in ce ni na jawo wa kaina. Ni kuwa hanyar da ake cewa ta ƙwararru na bi. Sun ajiye furofayil ɗin launi na kowace takarda da suke bugu a kai, na sauke na takarda marar sheƙi, na girka shi a Windows, na ga ya bayyana a Lightroom, manhajar da nake gyaran hoto da ita, har ina jin kaina.

Ga wanda bai taɓa shiga wannan rigimar ba: allo haske yake fitarwa, ja da kore da shuɗi, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, wanda ya faɗo mata take mayar wa ido. Shi ya sa akwai launukan da allo zai nuna maka amma babu firintar da za ta iya sa su a takarda. Su kuma lambobin da ke cikin fayil ɗin hoto, 255 a nan, 40 a can, ba launi ba ne sai an faɗi da wane ma'auni za a karanta su. Furofayil shi ne tafintan da ke tsakani. Tun 1993 kamfanoni irin su Adobe da Apple da Kodak da Microsoft suka haɗu suka kafa ƙungiyar ICC don a samu tsari ɗaya na wannan tafinta. Na firinta kuwa, ana buga ɗaruruwan ƙananan murabba'ai masu launi daban-daban ne, a bi su da na'urar auna launi ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da injin ya fitar a zahiri. Don haka kowane furofayil na firinta ɗaya ne da tawada ɗaya da takarda ɗaya. Ka sauya takarda, ya tashi aiki.

Duk wannan na san shi. Da na zo fitar da hoton, wurin da ake zaɓar ma'aunin launi sai na tsallake sRGB, na tsallake Adobe RGB, na zaɓi furofayil ɗinsu. A tunanina na sauƙaƙa musu aiki ke nan, na miƙa wa injinsu hoto da harshen da yake ji.

Washegari na kira su. Wadda ta ɗauka ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yallaɓai, ai furofayil ɗin nan na dubawa ne kawai. Ba a turo mana hoto da shi." Na ce, "Malama, to da me ake turowa?" Ta ce da sRGB. Ashe injinsu ba ya ma duba alamar furofayil da ke maƙale a cikin fayil. Duk abin da ya shigo masa, sRGB yake ɗaukar sa, wato ma'aunin nan da HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda kusan kowace waya da kowane allo ke bi. Ni na riga na juya lambobin hoton zuwa harshen firintarsu, shi kuma injin ya karance su a matsayin sRGB ya sake juyawa. An fassara magana sau biyu, ta dawo ba ta kowa ba. Daga nan koren bangon ya fito, daga nan tokar fuskar ta fito.

Na tambaye ta a ina aka rubuta haka. Akwai shi, ban ce babu ba. Layi ɗaya ne da ƙananan haruffa, can ƙasan dogon bayanin girman takardu, nesa da inda ake sauke furofayil ɗin. Mutum ya ba ka makulli ya manta bai gaya maka ƙofar a buɗe take ba, in ka murɗa kulle ta za ka yi. Kuma akwai masu wankin hoto da ke son a turo musu fayil an riga an juya shi zuwa furofayil ɗinsu, don haka ba wani shirme na ƙirƙiro ba. Kowa da tsarinsa, nasu ne ba su faɗa a inda za a gani ba. Ta ƙara da cewa akwai wani gyaran haske da launi da injinsu ke yi da kansa, a kunne yake sai in mutum ya kashe. Wato bayan kwana ukun da na yi a kan fuskar Inna, na'ura ta zo ta ɗora nata ra'ayin.

Da yamma Yaya ya zo, shi da ya daɗe a harkar hoto. Na miƙa masa takardar ina jiran ya taya ni faɗa. Ya duba ta, ya dubi allon, ya kanne ido ya ce, "Ƙane, kai ma da naka laifin. Wannan allo ne ko fitilar mota?" Ya ɗauko ƴar na'urar nan da ake ratayawa a fuskar allo tana auna launi. Hasken allona ya haura kandela 250 a murabba'in mita, alhali masu gyaran hoto don bugu tsakanin 80 da 120 suke ajiye nasu. Da ya sauke shi, ya daidaita farin a Kelbin 6500, wato ma'aunin launin haske, sai ga inuwar fuskar Inna ta yi duhu a allon ma. Ashe tun asali hoton a duhu yake, allon ne ke ta yi min ƙarya. Koren bango da tokar fuska nasu ne, baƙin inuwar nan kuwa rabinsa nawa ne. Na haɗiye maganata.

A nan ne furofayil ɗin da nake zagi ya nuna amfaninsa. Yaya ya buɗe hoton a sashen gyara ya danna harafin S, wato gwajin bugu a allo, wanda ya shigo Lightroom tun fitowa ta 4 a 2012 amma ni ban taɓa waiwayarsa ba. Ya zaɓi furofayil ɗin takarda marar sheƙi, ya kunna akwatin da ke kwaikwayon takarda da tawada. Gabana ya faɗi, don hoton ya yi fayau kamar an lulluɓe shi da hazo. Yaya ya ce in kawar da kai in ƙirga goma sannan in sake duba. Haka ne kuwa, ido ya saba, ka gane cewa takardar ce ba ta iya baƙi mai zurfi irin na allo, farinta kuma ba ya walƙiya. Gaskiyar da za ka gani a hannu ce ake nuna maka tun kafin ka biya.

Sai gargaɗin launukan da suka fi ƙarfin takardar. Manhajar na shafa musu ja don ka gan su, rigar Inna kuma ja ce, sai da muka yi ta kunnawa muna kashewa kafin mu gane inda gargaɗin ya tsaya da inda rigar ta fara. Kusan duk ƙirjin rigar a waje yake. Akwai hanya biyu da ake bi da irin waɗannan launukan. Ta farko tana matse launukan hoton gaba ɗaya su shiga abin da takarda za ta iya, komai ya ɗan motsa amma bambancin da ke tsakaninsu ya tsira. Ta biyu tana barin waɗanda ke ciki yadda suke, ta ja na waje zuwa bakin iyaka. Da muka gwada ta biyu, ninkin rigar ya ɓace, ta zama faffaɗan ja guda kamar fenti. Ta farko ta dawo da ninkin. Yaya ya ce kada in yi saurin murna, tun da sRGB zan tura, injinsu ne zai zaɓi hanyar, ba ni ba, sai in tambaye su wacce yake bi. Kwana biyu aka yi kafin su amsa cewa ta farko ce.

Muka yi kwafin gwaji na hoton don kada a taɓa na asali. Muka ɗaga inuwa kaɗan, muka rage wa jan ƙarfi har gargaɗin ya janye, muka ƙara ɗan bambancin haske da duhu don cike abin da takardar ke cinyewa. Na fitar da shi JPEG a sRGB, ɗigo 300 a kowane inci, na nemo gyaran injin nan na kashe.

Na biyun da ya zo, a bakin taga na buɗe shi, don Yaya ya gargaɗe ni kada in yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan ɗaki mai ja-ja. Masu bugu da haske mai Kelbin 5000 suke duba aikinsu, hasken rana ya fi kusa da shi. Wallahi na daɗe a tsaye. Ga kuncin, ga kunnen, ga layukan gefen ido, ga zaren da ya ɗan fita a wuyan rigar wanda ni kaina ban lura da shi a allo ba. Takardar tasu mai kauri ce, ba ta ɗaukar shatin yatsa, tawadar ta zauna lafiya lau. Na ɗora shi kusa da allo da gwajin bugun a kunne, da ƙyar ka raba su. Furofayil ɗin nasu daidai yake, wanda ya auna shi ya san aikinsa. Da a ce a daren ranar na rubuta wannan sharhin, da tauraro biyar zan ba su ba tare da na yi tunani ba.

Amma na sake yin oda. Hoton faɗuwar rana ne a takarda mai sheƙi, na sauke furofayil ɗinta daban, na yi gwaji, na yi komai yadda ya kamata. Abu ɗaya ban sake dubawa ba, don na ɗauka in ka kashe abu sau ɗaya ya kasu. Gyaran injin ya koma a kunne da kansa. Ya ga hoto mai duhu ya ce bari ya taimaka, ya ɗaga hasken, bishiyoyin da na bari baƙaƙe da gangan suka fito ruwan toka, sararin sama ya kwaɓe. Ina amfanin ba mutum furofayil ya zauna yana auna launi, in a ƙarshe za ku bar wani maɓalli da zai rushe aikin a kowace oda? Duk wanda ya sauke furofayil ai ya riga ya gaya muku ba ya son a taɓa masa hoto.

Wannan ne ya tayar min da tsohon mikin. Hotuna goma sha biyun farko ba su mayar min da ko kwabo ba, ba su kuma ce za su sake buga ko ɗaya ba, wai kuskuren daga wajena ne. Sunayen furofayil ɗin ma tarin haruffa ne da lambobi, sai ka yi ta canki-canki wanne ne na wace takarda, babu kwanan watan da aka auna su, ba ka sani ba ko sun sauya tawada tun bayan nan. Tauraro uku na ba su, ukun ma na wanda ya auna furofayil ɗin ne da na takardar.

Hoton Inna na biyu yana rataye a bango. Na farkon ta gan shi a kan tebur, ta ɗaga shi ta ce, "Ɗan nan, yaushe na yi rashin lafiya haka ban sani ba?" ta saka a jakarta, wai za ta nuna wa ƙanwarta. Na faɗuwar rana kuwa na ɗauki hotonsa na aika musu da ƙorafi, yau kwana tara ke nan ba amsa.