Na gwada gam ɗin cike kwarzanen shokan keken hawan duwatsu: ga abin da na gani bayan wata huɗu

A watan Nuwamba na faɗi a wata gangara cikin duwatsun Shere da ke gefen Jos. Ni ban ji wani ciwon kirki ba, amma da na ɗaga keken sai na ga dutse ya ja layi a jikin sandar shokan gaba, ta hagu, tsawonsa kamar gaɓar yatsa. Shokan samfurin Pike ne na kamfanin RockShox, mai sanduna masu kaurin milimita 35, da shi keken ya zo lokacin da na saye shi na hannu. Duk wanda ya san irin wannan shoka ya san abin da na ji a raina a wannan lokacin.

Wanda bai saba ba zai ce ai ɗan karce ne kawai. Sandunan nan biyu na sama na alminiyam ne, an yi musu wata fata mai tauri da santsi, kuma su ne ke shiga suna fita ta cikin robar da ke tare ƙura ta riƙe mai. Kwarzanen nawa ya faɗo kamar yatsu biyu sama da robar, wato duk ramin da na shiga sai ya wuce ta cikinta. Na sa farce na shafa, farcen ya maƙale. Dutsen bai tsaya ga yin rami ba, ya tayar da gefen ƙarfen ya yi kaifi. Wannan kaifin ne ke yanka robar a hankali, ramin kuma ya riƙa ɗibar ƙura yana kai ta ciki, ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa a kan bushin, wato zoben ciki da sandar ke zamewa a cikinsa. Ga shi hunturu ya kama, ƙura ko'ina. Sai na jingine keken.

Ba a sauya sanda ɗaya ita kaɗai, domin matse su aka yi cikin kan shokan tun daga masana'anta. Sai dai a sayi saman gaba ɗaya, a jira a kawo daga waje, sannan a nemo wanda ya iya ɗaurawa. Da na duba farashi sai na koma neman wata hanya. Wani abokin hawana ya ce in shafa jan farce, kuma gaskiya mutane da yawa suna yin haka ga ƙaramin karce, amma nawa ya yi zurfi. Ƙarshe na yi odar wani ɗan kunshin gyara da ake haɗawa musamman don wannan aiki, kuɗinsa bai kai kwatan na sabon sama ba. A ciki akwai gam mai haɗi biyu a sirinji, ɗan magagari, sanfefa, ƙyallen sifirit da safar hannu.

Aikin farko shi ne kashe kaifin, kuma a nan hannuna ya fi rawa. Ɗora magagari a kan sandar da kake lallaɓawa ba abu ne mai sauƙi ba. Na zagaye wurin da salatif, na riƙa gogawa a hankali, bugu biyu uku in tsaya in shafa da farce, har ya daina kamawa. Daga nan na wanke ramin da sifirit sau uku, saboda in akwai ko ɗigon mai a ciki gam ba zai kama ba. Na kwantar da keken yadda kwarzanen zai kalli sama, na gauraya gam ɗin sannu a hankali don kada ya yi kumfa, na ɗiga shi da tsinken sakace har ya ɗan tasa sama da jikin sandar. Da yake daren Jos a hunturu akwai sanyi, kuma sanyi na jinkirta bushewar irin wannan gam, sai na shigar da keken ɗaki na bar shi kwana ɗaya cur.

Washegari na dawo kan magagari na rage tudun, sannan na koma sanfefa da ruwa. A nan ne kunshin ya gaza a ganina: sanfefar da ke ciki iri ɗaya ce, kuma ta yi kaushi ga aikin ƙarshe. Na ɗan zarce da ita a gefe guda, fatar sandar ta dusashe a wani wuri kamar ƙwayar wake, har yau ina ganin tabon in rana ta haska. Da na lura sai na tsaya, na je wurin masu sayar da kayan fentin mota na samo mai lamba 1500 da 2000. Da su na ƙarasa, ina naɗa ta a jikin ɗan katako mai laushi don kada yatsa ya ƙwaƙule gam ɗin daga ramin. Takardar bayanin ma ba ta ja kunne sosai a kan wannan ba, alhali nan ne mutum zai fi yin ɓarna. Gam ɗin kansa kam ban ga laifinsa ba. Ya bushe da tauri, bai tsuke ba, bai bar gefe ba.

Da na gama na rufe ido na bi sandar da yatsa daga sama har ƙasa, ban gane inda gyaran yake ba. Da ido kuwa ana gani sarai. Wanda ke son sandarsa ta dawo sabuwa fil, wannan kunshi ba zai ba shi haka ba, santsi kawai yake mayarwa.

Yanzu wata huɗu ke nan, na yi hawa cikin ƙurar Disamba da Janairu, cikon bai motsa ba, kuma ban ga zoben mai a jikin sandar ba bayan hawa. RockShox na ba da shawarar a buɗe ƙasan shoka a sauya mai duk bayan awa 50 na hawa, to da lokacin ya yi na buɗe ina fargaba. Man ɓangaren hagu bai fi na dama duhu ba, soson da ke ƙarƙashin robar ma bai yage ba. Duk da haka na sa sababbin robobi, domin ranar da na faɗi sai da na tuƙa keken har gida da kaifin nan yana gurzar tsohuwar.

Zan sake saye, kuma gam ɗin da ya rage zai isa wasu gyare-gyaren. Amma in sandar loɓawa ta yi ko ta lanƙwashe, ko fatarta ta cinye a wuri mai faɗi saboda daɗewa ba a sauya mai ba, kada a ɓata kuɗi a kansa, wannan sai sabon sama. Wanda zai yi odar kuma ya tanadi sanfefa mai laushi tun kafin kunshin ya iso.