Kantin littattafan da nake saye wa ajina a Garwa

Ni malamar CM2 ce, ajin ƙarshe na firamare, kuma kaye, wato littafin rubutu, nan nake sayensa, wani ɗan kanti kusa da babbar kasuwa. Mai shafi 200 nake ɗauka, saboda takardarsa na da kauri, bik ba ya hudawa ya ɓata bayan shafi. Kowane yaro na da nasa na musamman, ban da na darasi: in na karanta musu labari, sai su rubuta abin da ya tsaya musu a rai.

Da na tambayi littafin da ya ci kyauta, Alhaji mai kantin ya miƙo mini na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa da ta ci kyautar adabi ta Faransa, Goncourt ta ɗaliban lise (sakandare), a 2020. Na ce, "Alhaji, ai wannan na manya ne, auren dole ne a ciki." Ya yi dariya, ya hau kujera ya sauko da wani mai hotuna, da tambarin kyauta a bango, duk ya sha ƙurar hunturu. Kwafi ɗaya tal! Haka nake ɗaga shi sama, yara suna miƙa wuya. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta cika shafi biyu, har ta zana akuyar labarin a gefe.

Abin da ya ɓata mini rai, kaye uku cikin dozin ƙusarsu ta saki tun makon farko. Ya canza mini biyu, na ukun ya ce yaro ne ya yaga. Littattafan Hausa kuwa babu ko ɗaya, duk Faransanci.